Yadda ake kallon tsoffin wasannin kokawar Meziko da yadda ake auna su

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa ya taso ne da kallon reslin irin na Amurka, sai a 'yan kwanakin nan ya fara bin tsoffin faifan kokawar Meziko, wadda masu ita ke kira lucha libre, a YouTube. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, domin yana ganin ana kayar da mutum cikin minti biyu da riƙon da bai taka kara ya karya ba, yana ganin mutum shida suna shiga suna fita ba tare da sun taɓa hannun juna ba, sannan wasannin da masana ke yabawa wasu sun yi masa sanyi, wasu kuma sun yi masa kama da faɗan kan titi. Yana so ya san yadda zai kalla, da abin da zai duba kafin ya ce wannan wasa ya yi kyau, wancan bai yi ba.

Malam, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka yanke wa wasa hukunci sai ka san irinsa. A tsohuwar kokawar Meziko manyan wasanni iri uku ne: akwai wasan kambu, akwai wasan da ake sa abin rufe fuska ko gashin kai a matsayin jingina, akwai kuma wasan mutum uku-uku. Kowanne yana da abin da 'yan kallo suka biya kuɗi don su gani, kuma abin da ya zama ado a ɗaya yakan zama aibi a ɗayan. Mafi yawan ruɗanin da ka faɗa ya samo asali ne daga auna dukkansu da mudu ɗaya, mudun da ka saba da shi daga Amurka. Dukkanmu mun san an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali, saboda haka abin da muke aunawa shi ne gwanintar mutanen wajen sa dubban jama'a su damu da abin da ke faruwa, da kuma ko sun yi hakan ta hanyar da irin wasan ya buƙata.

Kafin a kai ga wannan, yana da kyau ka san abin da ya rage mana na kallo, don shi ne iyakar hukuncinmu. Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin EMLL a 1933, wanda yanzu ake kira CMLL, kuma babu wani kamfanin kokawar sana'a da ke raye a duniya da ya girme shi. Ya buɗe zauren kokawa na Arena Coliseo a 1943, ya buɗe sabuwar Arena México a 1956, wadda ke ɗaukar mutum kusan 16,500. An nuna kokawa a talabijin a farkon shekarun 1950, amma a tsakiyar waɗannan shekarun aka daina nuna ta a birnin Meziko, aka kuma daɗe a haka. Sakamakon haka zamanin da 'yan ƙasar ke kira na zinariya, zamanin El Santo da Blue Demon da Black Shadow da Gory Guerrero, ya iso mana ne ta mujallu da hotuna da finafinai. Wasan da El Santo ya cire wa Black Shadow hular fuska a Arena Coliseo ranar 7 ga Nuwamba, 1952, labarinsa muke karantawa. Gutsattsarin kokawar da ke cikin finafinan El Santo, waɗanda suka haura 50, an yanka su an haɗa su don labarin fim, saboda haka ba adalci ba ne a ɗauke su a matsayin shaida a kan ko ya iya kokawa. Cikakkun wasannin EMLL da ke yawo a intanet galibinsu daga 1983 ne zuwa gaba. Kamfanin UWA, wanda aka kafa a 1975 ya kuma riƙa cika filin El Toreo de Cuatro Caminos a Naucalpan duk mako, abin da ya rage na zamanin ɗaukakarsa bai kai na EMLL yawa ba, wasu faifan ma da ƙaramar kyamarar hannu aka ɗauka daga cikin 'yan kallo. Saboda haka duk lokacin da ka buɗe faifai, fara da duba ko cikakke ne. Idan ka ga ɗan wasa yana tsaye lafiya, nan take kuma ka gan shi jina-jina ba ka ga yadda aka yi ba, to an yanke wani abu, kuma abin da aka yanke yana iya zama shi ne ƙashin bayan wasan.

Dokokin ba su da wuya. Yawancin wasanni kaye uku ne, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Ana cin kaye ta danne kafaɗun mutum har alƙalin wasa ya ƙirga uku, ko a murɗe shi har ya sallama, ko ya kasa komawa dandamali kafin a ƙirga 20, ko a kore shi saboda karya doka. Bugun mara, wanda suke kira faul, yana jawo kora, haka ma cire wa mutum hular fuska gaba ɗaya a tsakiyar wasa, ko da yake an yarda a yayyaga ta. Akwai kuma martinete, wato a juya mutum kansa a ƙasa a dasa shi a kan dandamali, wanda haramun ne ƙwarai a Meziko, kuma wanda aka yi wa shi a gadon ɗaukar marasa lafiya ake fitar da shi. 'Yan wasa kashi biyu ne: técnico, mai bin doka da nuna fasaha, da rudo, mai mugunta da maguɗi. Dandamalin wancan zamani yana da tauri sosai, shi ya sa za ka ga suna mirginawa suna alkafura maimakon su faɗi rigingine da dukkan bayansu kamar na Amurka, kuma bisa al'ada hannun dama suke kamawa, saɓanin Amurkawa da Japanawa masu kama hagu. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka faɗuwarsu ba ta da nauyi, alhali wanda ke kokawa kusan kullum a kan katako mai tauri dole ya koyi faɗuwar da za ta bar shi ya tashi gobe.

Maganar kaye mai sauri da ta dame ka tana da amsa a cikin tsarin kansa. Tunda akwai sauran kaye a gaba, ɗan wasan da aka kama da riƙo mai zafi a kayen farko yana da dalilin sallamawa da wuri don ya tsira da hannunsa, kuma 'yan kallon Arena México sun fahimci haka tun suna yara. Kayen farko yana nuna wa ya fi ƙarfi a daren, na biyu yawanci shi ne ramuwa, sau da yawa gajere, na uku kuma shi ne inda riƙon da ya ci kaye ɗazu yake kasa ci, domin yanzu babu gobe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Idan kana son auna wasa, tambayi kanka ko kaye biyun farko sun ajiye wani abu da na uku ya yi amfani da shi. Idan an kayar da mutum da wani ɗauri a farko, sannan a kaye na uku aka sake kama shi da shi ya yi ta fama har ya kai igiya, to ka ga aikin masu tunani. Idan kuwa kaye biyun sun wuce kamar an sauke farali, ba su bar komai ba, wannan rauni ne na gaske, kuma akwai wasanni da yawa masu irin wannan rauni.

Wasan kambu shi ne wanda ya yi maka sanyi, kuma shi ne ya fi buƙatar haƙuri. Bisa al'adar wancan lokaci, idan kambu ne a tsakani, har rudo yakan ajiye mugunta ya yi kokawa tsantsa. Za ka ga kowa ya fito da mataimakinsa riƙe da tawul, a ɗauki hoto da ɗamarar kambun, alƙali ya duba takalma da hannaye, sannan a shafe mintuna a ƙasa ana musayar riƙo da kwancewa. Mafi kyawun wurin farawa shi ne karawar El Dandy da Ángel Azteca ta ranar 1 ga Yuni, 1990, inda Dandy ya karɓe kambun matsakaita nauyi na ƙungiyar kokawa ta NWA. Kada ka ƙirga yawan riƙon da aka yi. Kalli yadda ake fita daga kowanne. Ɗan wasa nagari idan an murɗe masa ƙafa za ka ga yana neman mafita da gaske: ya gwada juyawa a hana shi, ya cusa gwiwar hannu a ƙarƙashin haɓar abokin karawarsa, ya matsa kwankwasonsa kaɗan-kaɗan har nauyin ya koma ɗaya ɓangaren, sai ga wanda ke sama ya koma ƙasa. Wanda bai ƙware ba kuwa sai ka ga ya miƙa hannunsa tun kafin a nema, ko ya tsaya cak yana jiran a gama ɗaure shi. Wannan bambanci tsakanin gwagwarmaya da haɗin baki a fili shi ne ma'auni mafi muhimmanci a wasan kambu, kuma da shi nake fifita Dandy da El Satánico da Blue Panther da Negro Casas a kan da yawa daga waɗanda suka fi su suna a waje. Satánico da Atlantis duka sun fito daga hannun Diablo Velasco, malamin kokawa na Guadalajara, kuma ana ganin horonsa a yadda suke ajiye ƙafafu da yadda ba sa sakin riƙo sai da dalili. Bayan wannan wasa nemi Atlantis da Blue Panther na watan Agusta 1991, da Dandy da Negro Casas na ranar 3 ga Yuli, 1992, wanda ya fi sauran zafi, domin a cikinsa kana ganin mutunci yana zaizayewa a hankali har kokawar tsabta ta fara komawa gaba.

Ga wani abin lura a nan. Yawancin riƙon da za ka gani suna da masu su. La de a caballo, inda ake hawa bayan mutum a ja haɓarsa sama, Gory Guerrero ne ya ƙirƙira, El Santo ya mayar da shi nasa, ɗansa El Hijo del Santo ya gada. La tapatía ta Rito Romero ce, la casita kuma ta gidan Casas. Idan mutum ya kama abokin hamayyarsa da riƙon gidansu, ko ya kuɓuce wa riƙon da aka san ba a kuɓuce masa, ihun da za ka ji daga jama'a yana da tushe.

Wasan jingina, wanda suke kira lucha de apuestas, shi ne zuciyar wannan kokawa, kuma a kansa zan fi daɗewa. Hular fuska zane ce ko fata mai rufe kai gaba ɗaya, ana ɗaure ta da igiya a ƙeya, kuma mai ita yakan shekara da shekaru jama'a ba su san fuskarsa ko sunansa ba. El Santo ya yi shekara 40 da tasa, daga 1942 zuwa ritayarsa a 1982, ya ɗaga ta na ɗan lokaci a wani shirin talabijin kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ranar 5 ga Fabrairu, 1984, kuma da ita aka binne shi. Wanda ya rasa hularsa a wasan jingina dole ya cire ta a gaban jama'a, a faɗi sunansa na gaskiya da garinsu da shekarun da ya yi a sana'ar, kuma hukumar dambe da kokawa tana sa ido don kada ya koma ya ci gaba da sa ta kamar ba a yi komai ba. Wanda ba shi da hula gashinsa yake sawa, a aske shi ƙwal a tsakiyar dandamali. Nasarar tsararriya ce, amma asarar ta gaskiya ce, domin mutumin zai koma gida da fuskar da kowa ya gani, kuma darajarsa a kasuwar sana'ar ta canza daga wannan dare. Wannan ne ya sa wasan jingina ba ya neman ado. Abin da yake nema shi ne ƙiyayya da tsoro da jini, da alamar cewa mutum biyu sun kai inda ba za su iya ja da baya ba.

Kalli MS-1 da Sangre Chicana, gashi da gashi, a bikin cikar EMLL shekara 50, ranar 23 ga Satumba, 1983. MS-1 ya far wa Chicana tun bai gama shiri ba, ya fasa masa goshi, ya yi ta jan sa yana duka har ya ci kayen farko, Chicana bai rama komai ba. Abin kallo a nan shi ne Chicana. Ya rarrafa, ya kama igiya ya miƙe ƙafafunsa suna rawa, ya kai naushi ya kuskure ya faɗi da nauyin kansa, jini ya rufe masa ido yana sharewa da bayan hannu. Ya sa jama'a sun jira har sun ƙosa, sannan da naushinsa ya samu MS-1 sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Ko bayan ramuwar bai warke nan take ba, ya ci gaba da tafiya kamar wanda aka yi wa dukan da aka yi masa. Da ya ratsa tsakanin igiyoyi ya tunkuyi MS-1 a waje, ba a ga tsalle mai kyan gani ba, an ga mutumin da ya jefa jikinsa don ba shi da sauran makami. Chicana ne ya ci, aka aske MS-1. Idan ka lissafa dabarun da aka yi a wasan ba za su cika tafin hannu biyu ba, amma ina sa shi cikin mafi kyawun wasannin da aka taɓa yi a kowace ƙasa, domin babu motsi ɗaya a ciki da ba ya da dalili, kuma babu lokacin da ɗayansu ya manta ciwon da ke jikinsa.

Sannan ka kalli Atlantis da Villano III, hula da hula, a Arena México ranar 17 ga Maris, 2000. Wannan kaye ɗaya ne rak, kuma ya haɗa jinin wasan jingina da fasahar wasan kambu. Da wuri Villano ya yaga hular Atlantis, suka yi karo da ka a wani tsalle zuwa waje, har likita ya zo dubawa, farar hular Atlantis ta rine ja. Daga nan sai musayar riƙo da dannewa, kowanne jama'a na ɗauka shi ne ƙarshe, har Atlantis ya ɗora shi a kafaɗa da riƙonsa, la Atlántida, ya sallama. Kada ka kashe faifan a nan, domin abin da ya biyo baya ɓangare ne na wasan. Mahaifin Villano, tsohon gwarzo Ray Mendoza, yana cikin dandamali lokacin da aka kwance hular, aka bayyana sunan ɗansa, Arturo Díaz Mendoza, kyamara tana nuna manya da yara suna kuka a cikin 'yan kallo. Masu karanta mujallar Wrestling Observer sun zaɓe shi wasan shekarar 2000. Wanda ya tsallake cire hula ko askin da ke bayan wasan jingina ya bar abin da aka yi dukkan wahalar dominsa.

Akwai kuma wasan da zai gwada adalcinka. Rayo de Jalisco Jr. da Cien Caras sun kara hula da hula ranar 21 ga Satumba, 1990, jama'a suka cika Arena México har suka fi ƙarfin gidan. Cien Caras ya fasa wa Rayo jita a ka tun kafin a fara. Dukkansu manyan mutane ne masu nauyi, kokawarsu ba ta da santsin ta Dandy, wasu naushin ma ana ganin iska a tsakani. Ba zan ce maka wasa ne mai fasaha ba. Amma zan ce ya cika aikinsa, domin sun san daidai abin da jama'ar ke jira, suka jinkirta shi, suka ba su a lokacin da ya dace, Cien Caras ya rasa hularsa aka san shi da Carmelo Reyes. Ya halatta mai kallo ya ce wasan babba ne ba tare da ya ce gwaninta ce ba, kuma raba waɗannan hukunci biyu yana cikin abin da ke sa mutum ya zama mai kallo nagari.

Wasan uku-uku shi ne abincin kullum, shi ne za ka fi cin karo da shi. Ya bunƙasa a UWA a farkon shekarun 1980 ta hannun ƙungiyoyi irin su Los Misioneros de la Muerte, wato Negro Navarro da El Signo da El Texano, sannan Los Brazos da Los Villanos, a EMLL kuma Los Infernales. Kowane ɓangare yana da kyaftin, ana cin kaye ta kayar da kyaftin ko sauran biyun. Ba dole a taɓa hannu ba: da zarar mutum ya faɗa waje, ɗan'uwansa yana da damar shiga. A kayen farko yawanci ana fitowa bibbiyu, kowa da abokin hamayyarsa, sannan rudos su haɗu su yi wa técnicos taron dangi, daga baya a rama. Yawancin waɗannan wasanni an yi su ne don a hura wutar gabar da za ta kai ga wasan kambu ko na jingina, shi ya sa sukan ƙare da faul ko yagar hula ko ƙalubale a makirifo. Ka nemi mutum biyun da ake gina rigimarsu, ka duba ko wasan ya sa kana son ganin su su kaɗai. Idan ya yi haka ya biya, ko da ƙarshensa bai gamsar da kai ba. Ka kuma lura da rudo mai karɓar tsalle, domin kyan kowace alkafura ta técnico rabinta aikin wanda ya tsaya a daidai wuri ne, ya tare nauyin, ya faɗi kamar an fi ƙarfinsa. Pirata Morgan da Emilio Charles Jr. da Fuerza Guerrera sun sa mutane da yawa sun yi kama da gwanaye.

Wannan ya kawo mu ga tsalle-tsalle, abin da 'yan waje suka fi sanin kokawar Meziko da shi, musamman bayan Antonio Peña ya kafa kamfanin AAA a 1992 ya fito da matasa irin su Rey Misterio Jr. da Psicosis. A tsofaffin wasanni tsalle zuwa waje ba shi da yawa, galibi ana ajiye shi sai kaye na uku, kuma ana auna shi da lokacin da ya zo da abin da ya jawo. Tope na El Hijo del Santo, wato tsallen da ake ratsawa tsakanin igiyoyi a tunkuyi mutum a waje, yana da daraja saboda yana zuwa kamar harsashi, kansa a gaba, yana tura mutum har cikin kujerun sahun farko, kuma bayan sa su biyun sukan kwanta alƙali yana ƙirge. Tsallen da aka yi aka tashi nan da nan kamar ba a yi ba, komai tsayinsa, bai ƙara wa wasa komai ba.

Sanin tarihi yana canza abin da ido ke gani, kamar yadda baƙo a gidan dambe zai ga naushi kawai, alhali ɗan gari ya san kisan bara da ake ramawa yau. Misali mafi kyau shi ne karawar da El Hijo del Santo da Octagón suka yi da Eddie Guerrero da Art Barr a Los Angeles ranar 6 ga Nuwamba, 1994, hula biyu a kan gashi biyu. A kaye na uku Barr ya yi wa Octagón martinete a bayan idon alƙali, aka fitar da shi, Santo ya rage shi kaɗai a gaban mutum biyu. Sai Blue Panther, wanda ya zo a matsayin mataimakin su Santo, ya faki ido ya shiga ya yi wa Barr irin abin da ya yi, gidan ya kece da ihu. Wanda bai sani ba zai ce katsalandan ne kawai. Wanda ya sani zai tuna cewa a ranar 3 ga Afrilu, 1992, a Arena México, Barr yana sanye da hula da sunan Love Machine ya yi wa Panther wannan martinete ɗin, aka kore shi, ya rasa hularsa saboda haka. Bashin shekara biyu da rabi aka biya a cikin daƙiƙa kaɗan. Santo ya danne Barr, ya danne Eddie, aka aske su biyun. Barr ya rasu kafin ƙarshen wannan watan, abin da ya ƙara wa faifan nauyi ga masu kallonsa yau.

Kada ka rage sauti ko da ba ka jin Sifaniyanci. Jama'ar Arena México ba sa bin técnico ido rufe, akwai masu goyon bayan rudos da ƙahonninsu da gangunansu, kuma idan wasa ya burge su ƙwarai sukan jefa kuɗi cikin dandamali, 'yan wasa su tattara. Idan ka ga haka a ƙarshen faifai, ka samu hukuncin waɗanda aka yi wasan dominsu. Alƙalin da ke nuna son kai, irin su Gran Davis a EMLL da El Tirantes a AAA, shi ma ɗan wasa ne a cikin shirin. A ganina idan aka yi shi kaɗan yana ƙara zafi, amma idan alƙali ya zama shi ne abin kallo, ya riƙa tsayar da ƙirge a kowane dannewa, yana kashe wasa, kuma AAA ta sha faɗawa cikin wannan. Sauran aibobin da bai kamata ka yafe ba don kawai faifan tsoho ne su ne dukan taron dangi da ya yi tsawo babu ƙarfi a cikinsa, ramuwar da ta zo babu dalili, da wasan jinginar da aka ƙare da maguɗi maras ma'ana bayan an sa mutane sun jira watanni.

Idan ka gama da waɗanda na ambata, gwada idonka da karawa biyu tsakanin mutum biyu ɗin nan, El Hijo del Santo da Negro Casas, hula a kan gashi. Ta farko an yi ta a Olympic Auditorium na Los Angeles ranar 18 ga Yuli, 1987, suna matasa, Santo técnico, Casas rudo mai girman kai, wasa mai sauri da tsabta wanda babu jini a cikinsa amma akwai zafi. Ta biyu an yi ta a Arena México ranar 19 ga Satumba, 1997, bayan Santo ya girgiza ƙasar da komawa rudo a ƙarshen 1996, jama'a sun rabu biyu a kansu. A wannan karon shuri ne da mari da murɗar hannu, kowa yana hana ɗan'uwansa yin abin da ya saba. Santo ne ya ci duka biyun, Casas ya sha aski sau biyu. Kalle su a jere, ka rubuta wa kanka abin da kowannensu ya daina yi a cikin shekara 10, da abin da ya koya, sannan ka duba fuskar Casas a lokacin da almakashi ya taɓa kansa a kowanne daga cikin dararen biyu.